Madubin da Alhaji ya ɗora wa .375 ɗinsa kafin ya shiga dajin Faro neman ɓauna

Lamarin na wani Alhaji ne ɗan kasuwa mazaunin Garwa, shekarunsa sun doshi 60, ya daɗe yana harbin zabi da agwagwar ruwa, ya taɓa kayar da mariya da kanki, amma bai taɓa tsayawa gaban ɓauna ba. Ya yanki lasisin babbar farauta, ya kama wuri a ɗaya daga cikin yankunan da gwamnatin Kamaru ke ba wa masu kamfanin farauta haya a gefen gandun dajin Faro. Ga wanda bai san wajen ba, manyan gandun daji uku ne a can, Faro da Binuwai da Buba Njidda, cikinsu ba a harbi sam, kamar dai yadda ba mai taɓa ɓaunar Yankari, amma a tsakaninsu akwai yankuna da doka ta yarda a yi farauta da rani, da takarda, da jagora mai lasisi, kuma da adadin dabbar da aka ƙayyade. Ni aikina a sansanin shi ne kula da bindigogi da harsasai, shi ya sa maganar ta biyo ta hannuna tun a Garwa kafin lokacin ya yi.

Bindigar da ya saya ba abin da za a ce mata. CZ 550 ce mai cin .375 H&H, harsashin da kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar tun 1912 kuma har gobe shi ne ma'aunin farautar manyan dabbobi masu haɗari a Afirka, ƙasashe irin su Tanzaniya ma ba sa barin ka tunkari ɓauna da abin da ya gaza shi. Ƙwayar harsashin giram 19 da ɗoriya, tana fita da gudun kusan mita 770 a sakan. Matsalar tana saman bindigar. Ya je Dubai sarin kaya, ya shiga wani shago yace yana son madubin harbin ɓauna, wato madubin da ake ɗora wa bindiga mai jawo abu kusa, mai shagon ya ɗauko mai wani ƙato 4-16x50, wato mafi ƙarancin jawowarsa ninki 4, ƙarshensa ninki 16, bakin gilashin milimita 50, ga wasu manyan maɓallai a sama da gefe na lissafin nisa. Yace mai da wannan ko ƙudan da ke kan hancin ɓauna za ka gani daga mita 300. Kuma gaskiya ya faɗa, za a gani ɗin, madubin yana da kyau a ido, sai dai ba a harbin ɓauna daga mita 300.

Yadda abin yake a wajenmu shi ne, ana ƙona ciyawa farkon rani, amma wuta ba ta cinye komai, tana barin gamba tsibi-tsibi wadda ta fi mutum tsayi, ga kurmi a bakin kowane rafi wanda in ka shiga ba ka ganin abin da ya wuce taku goma. Harbin farko yawanci tsakanin mita 40 ne zuwa 100, dabbar tana kiwo ko tana tsaye a inuwa, kana da lokacin ɗora bindiga kan sanduna ka daidaita numfashi, wannan kam kusan kowane madubi zai yi shi. Ba don shi ake zaɓar madubi ba. Ana zaɓa ne don abin da zai biyo baya in harbin bai zauna daidai ba, bijimin ya shige duhuwa da rauni ya juyo ya tsaya yana kallon sawunsa. Ɓaunar wajenmu ba ta kai ta Tanzaniya da Zimbabuwe girma ba, da yawansu ma jajaye ne, amma zuciyar ɗaya ce, saniyar sake ba a banza aka yi mata kirarin ba. Tana iya gudun da ya kai kilomita 50 a awa, ka lissafa, wajen mita 14 kenan a sakan ɗaya, in ta taso daga mita 25 ba ka da cikakken sakan biyu. Kuma abin da ya fi damuna a duk wannan harkar, wanda ke gaba a lokacin ba mai bindiga ba ne, mai bin sawu ne, kansa a ƙasa yana neman ɗigon jini a kan ganye, hannunsa daga sanda sai 'yar wuƙa, ya bar iyali a ƙauye. Duk sakan ɗin da maharbi ya ɓata yana laluben dabba a cikin madubi, daga ran wannan bawan Allah ake cire shi.

Ban tsaya dogon bayani da Alhaji ba don mutum ne da ya kashe kuɗinsa kuma ba ya son a ce an cuce shi. Nace Alhaji don Allah mu gwada wani abu, ba harsashi a ciki. Muka samu fili a bayan gari inda ake gwaji, na jingine kwalin firji a mita 15, na sa ya juya baya, in na tafa ya juyo ya ɗaga bindiga ya ce min "na gani" da zarar kuros ɗin, wato layukan saiti na cikin madubin, ya hau tsakiyar kwalin. Madubin yana kan 4, ƙarshen saukarsa. Ya juyo, ya ɗaga, sai ga bakin bindiga yana yawo hagu da dama, ya ɗago kai ya duba da ido ya sake komawa. Yace "ɗana, launin ƙasa kawai nake gani, ban san ko kwalin ba ne ko katanga." Dalilin a lissafe yake. Madubi irin wannan a ninki 4 faɗin abin da yake nuna maka a mita 100 bai wuce mita 9 ba, to in ka dawo mita 15 ya zama ƙasa da mita ɗaya da rabi, tsawon jikin ɓauna ma ya fi haka, gashi kawai za ka gani ba kai ba kafaɗa. Madubin da ke sauka har ninki 1 kuwa yana ba ka wajen mita 40 a mita 100, wato kusan mita 6 a mita 15, ga dabbar gaba ɗaya, ga ciyawar gefenta, ga mai bin sawu in ya gifta, kuma idonka biyu a buɗe kamar ba komai a gabanka.

Da aka zo harbi na gaske sai sauran suka fito. Bakin milimita 50 dole a ɗaga shi sama da dogayen zobba don kar ya taɓa bututun, to kuncin Alhaji ba ya zama a kan ƙotar, haɓarsa ce kawai ke taɓawa, kai a sama yana neman hoto. Sannan tazarar da madubin ke so tsakaninsa da ido gajeriya ce, kuma da ya murɗa shi sama sai ta ƙara raguwa, ya rinƙa tura fuska gaba. Shurin .375 ya ninka na matsakaiciyar bindigar farauta irin .30-06 kusan sau biyu, a harbi na uku gefen madubin ya same shi a gira, gilashin idonsa ya faɗi, jini ya ɗan fito. Raunin ba wani abu ba ne, abin da yake bari a zuciya shi ne matsalar, don daga nan duk lokacin da zai ja kunama sai na ga ya runtse ido ya ɗan janye kai kafin ƙarar ta tashi, mutumin da ya fara tsoron bindigarsa kuwa ba inda harsashinsa zai je daidai. Kafin kwalin harsashi ya ƙare kuma sai wurin faɗawar ya fara tafiya, na duba na ga madubin ya zame gaba a cikin zobban har ya bar zane a jikinsa. Nauyinsa ya kusa giram 800, in bindiga ta yi baya da ƙarfi shi yana son ya tsaya inda yake, duk wannan jan a kan zobba da kusoshi yake ƙarewa, ƙara nauyin madubi ƙara wahalar maɗauri.

Daga nan ne muka zauna da jagoran farautar, wani dattijo Bafaranshe da ya shekara da shekaru a wannan dajin, shi .458 Winchester yake riƙewa, mai harsashin da ya fi na .375 kauri, ba madubi ko ɗaya, saitin ƙarfe kawai. Ra'ayinsa a fili yake, a cire komai, bindigar ai ta zo da saitin ƙarfenta mai kyau, ƙarfe ba ya fashewa ba ya hazo ba ya cin batir. Ina girmama wannan maganar don shi ya ga abin da ban gani ba, amma shi aikinsa daban, shi harbin mita 10 yake jira in abu ya ɓaci, Alhaji kuma shi ne mai harbin farko, wanda in ya zauna a huhu da zuciya ba ma sai an shiga kurmin ba. Kuma ga ido. Saitin ƙarfe yana so idonka ya haɗa abu uku lokaci guda, tsagar baya da ɗan ƙwallon gaba da dabbar, mutum in ya wuce 45 idonsa ya fara ƙin wannan aikin. Muka gwada, Alhaji yace tsagar baya kamar hayaƙi yake ganinta. Baƙar dabba a inuwar kurmi, da baƙin saiti, da idon ɗan shekara 60, ban yarda da wannan haɗin ba, na kuma faɗa wa jagoran haka.

Sai aka kawo maganar ɗan ƙaramin nan mai jan ɗigo kawai wanda ba ya jawowa, irin na Aimpoint da Trijicon. A kusa babu abin da ya fi shi sauri, ba ruwansa da tazarar ido, ba nauyi. Da ɓauna kaɗai Alhaji ya zo nema kuma idonsa lafiya da ban yi musu ba. Amma da ya leƙa na wani ma'aikacinmu sai yace ɗigon ya tarwatse mai kamar tauraro mai jela, matsalar idonsa ce ke jawo haka, shi kuma wannan na'urar ba ta da wurin gyara wa ido. Ban da haka a takardarsa akwai gwanki, gwanki kuwa a filin da ya ƙone ba ya yarda ka matso, sau da yawa sai dai mita 150 zuwa 200, bindiga ɗaya ce kuma da shi. Akwai ma wani amfanin jawowa da mutane ke mantawa, ko a mita 60 kana buƙatar ka ga reshen da ke tsakaninka da dabbar, ka tabbatar tsohon bijimi ne ba mace ba, ka ga ko akwai wata a bayansa da harsashi zai ratsa ya samu. 3-9x40 da kowa ke da shi a gida ma an ambata, na ƙi, ninki 3 a mita 15 bai fi na Dubai ɗin da wani abin kirki ba.

Zaɓi ya rage biyu. Na farko Leupold 1.5-5x20, tsohon hannu ne a farautar Afirka, siriri, bai kai giram 400 ba, tazarar idonsa ta haura santimita 9 ko a ƙarshen jawowa, kuɗinsa bai kai dala 1,000 ba, kuma an san shi da jure shuri. Na biyu 1-6x24 mai jan ɗigo a tsakiya irin na Swarovski, ya fi nauyi kaɗan, ya ninka wancan kuɗi fiye da sau biyu, amma yana sauka har ninki 1 na gaskiya. Da aljihuna ne da na farkon zan ɗauka ban ji komai ba, wallahi ya isa. Abin da ya karkatar da mu ga na biyun ɗigon ne, siraran baƙaƙen layuka suna ɓacewa a jikin baƙar dabba a cikin duhuwa, jan ɗigo kuwa ido yana cafke shi nan take, ga zoben gyaran ido a bayan madubin da muka murɗa har kuros ɗin ya fito wa Alhaji tar da gilashinsa a fuska. Na dai dage a kan abu ɗaya, layukan su kasance masu kauri guda uku, hagu da dama da ƙasa, irin wanda Jamusawa ke kira lamba 4, saboda in batir ya mutu a daji kaurin layukan kaɗai ya isa ya kai idonka tsakiya.

Alhaji ya ɗan yi gardama a kan haske, yace an gaya mai babban baki ya fi tara haske, 24 ai rabin 50 ne. Nace haka ne Alhaji, amma raba bakin da jawowar ka ga abin da ke isa idonka, 24 a ninki 4 milimita 6 ne, ƙwayar idon mai shekarunka ko da almuru da wuya ta buɗe ta wuce 5, ragowar zubewa yake yi a banza. Kuma ba a farautar dare a nan, doka ta hana. Ya yi shiru yace to a kawo. Wani ɗan'uwansa da ke dawowa daga Faransa ya taho da shi.

Maɗauri na ba shi lokaci fiye da madubin kansa, don mafi yawan abin da ake cewa madubi ya lalace a daji maɗauri ne ya saki. CZ 550 tana da gurbi da aka sassaƙa a jikin ƙarfenta, da wata 'yar tsaga a baya da haƙorin zobe ke shiga ya hana zamewa, to sai muka nemo zobban ƙarfe masu ɗan hannu da ake kwancewa ba sukurdireba, mafi gajarta da hannun bindigar zai wuce bai goge ba. Na wanke mai daga kowace kusa, na ɗaure da ma'auni, na tura madubin gaba iyakar inda Alhaji ke samun cikakken hoto yana tsaye da rigar da zai sa a daji, ba a zaune kan benci ba. Na sa ya rufe ido ya ɗaga bindiga ya buɗe, in sai ya motsa kai kafin ya gani to bai yi ba, muka yi ta gyarawa har ya zauna. Mun cire mun mayar mun harba don mu tabbatar saitin yana komawa wurinsa, saitin ƙarfen ma muka daidaita shi a mita 50 ko da madubin zai bugu da dutse.

Saiti muka yi a mita 100. Da haka daga bakin bindiga har mita 120 ba wani lissafi, ka ɗora ka ja, a mita 200 kuma yana sauka kamar tsawon tafin hannu. Harsashi iri biyu ake ɗauka wa ɓauna, mai buɗewa na harbin farko da daskararre na bin baya, dole a gwada a ga suna faɗawa wuri guda, nasa sun faɗa kusa da juna. Sauran makonnin na roƙe shi ya bar benci, ya rinƙa harbi a kan sanduna da kuma a tsaye, yana sake harsashi bindigar na kafaɗa, a gida kuma kullum ya ɗaga ta ba harsashi har runtse idon nan ya bar shi. Doka ɗaya na ɗora mai, madubi kullum a kan 1 yake kwana yake tashi, in dabba na nesa kana da lokacin murɗawa sama, in tana kusa ba ka da lokacin murɗawa ƙasa.

A watan Fabrairu suka shiga. Hazo da toka sun cika iska, kowace safiya sai na bi gilashin da buroshi mai laushi, na hana shi gogewa da bakin riga don ƙurar nan yashi ce tana karce gilashi. Ranar da abin ya faru sun ɗauki sawun wani tsohon bijimi shi kaɗai daga wurin shan ruwa, suka cim masa hantsi ya ɗaga a gefen wani fili da ya ƙone, kamar mita 70. Alhaji ya murɗa zuwa 4, ya ɗora kan sanduna, daidai zai ja bijimin ya ɗaga ƙafa, harsashin ya zauna baya kaɗan da inda ake so. Ya yi tsalle ya faɗa gamba ya nufi kurmi. Jagoran yace a zauna, aka ba shi fiye da rabin awa. Babban mai bin sawun, wani dattijo da Fulatanci ya fi Hausa a bakinsa, kafin a tashi sai ya matso ya nuna madubin da sandarsa yace "Alhaji, ka mayar da shi?" Alhaji ya duba, yana kan 4, zumuɗi ya sa ya manta. Ya mayar 1, ya kunna ɗigon, yace "na gode Baba."

Suka shiga a hankali, jini kaɗan-kaɗan mai kumfa, alamar an taɓa huhu. Cikin kurmin dattijon ya tsaya cak ya durƙusa ya miƙa sanda, bijimin yana tsaye bayan wani kututture bai kai mita 20 ba, ya juyo yana fuskantarsu, ya ɗaga hanci ya taso. Alhaji ya ce min daga baya abin da ya gani shi ne dabbar gaba ɗaya da jan ɗigo a ƙirjinta da hular dattijon a ƙasan hoton ta hagu, ya san inda mutum yake kafin ya ja. Harbinsa da na jagoran kusan tare suka tashi, bijimin ya durƙushe, aka ƙara mai ɗaya. Da aka feɗe an samu duka biyun a ƙirji, ba wanda zai iya rantsuwa wanne ne ya tsayar da shi, ni ma ba zan ce madubi ne ya ceci kowa ba, Allah ne ya tsare, kuma .458 tana wurin. Abin da na tabbatar shi ne mutumin da a gaban kwali ya kasa gane abin da ke gabansa, a nan ya samu harbi a cikin lokacin da jagora mai shekaru a daji ya samu nasa.

Gwankin daga baya ya same shi a kusan mita 170, ninki 6, harbi ɗaya, bai ce jawowar ta yi mai kaɗan ba.

Jagoran har yanzu yana kan bakansa, yace da an zo bin jini da cire madubin aka yi tunda maɗaurin na cirewa ne. Ni kuma ina ganin ga mai ido irin na Alhaji cirewar ce haɗarin, ka raba mutum da abin da ya yi makonni yana sabawa da shi a daidai lokacin da hannunsa ke rawa, ka ba shi saitin da ba ya gani. Inda muka haɗu da shi shi ne mantuwar nan ta ninki 4, wadda ba tsadar madubi da ke maganinta. Yanzu a sansanin kafin a bi kowace dabba mai rauni jagora da kansa yake duba madubin baƙo ya ga lambar da yake kai, ya duba ɗigon bai yi hasken da zai rufe dabbar ba, a cire marfin gilashi a sa a aljihu, sannan a ba masu bin sawu izinin shiga. Na Dubai ɗin kuma Alhaji ya ɗora shi a kan wata ƙaramar .22-250 da yake harbin takarda da ita, a can yana aikinsa lafiya.